Kasko a Ƙarƙashin Bargo

Angona,

Ka ajiye duk abin da ke hannunka ka saurare ni yanzun nan. Ko ɓeran nan naka ne ka kama, sake shi. Tela, wanda yake rubuta mini, ya ce ba a fara wa jika wasiƙa haka, wai sai an gaisa. To, ina gaishe ka. Ya aiki? Muna lafiya. Babanka lafiya, gwaggwanninka lafiya, gwiwata tana nan yadda ka bar ta. An gaisa ke nan, Tela, mu wuce.

Kakanka ne. Tarin nan da muke cewa na tsufa ne, ashe ba shi ba ne. Busasshe ne, ba ya fitar da komai, sai dai ka ji kamar ana yaga sabon yadi a ƙirjinsa. Daga gado zuwa bakin ƙofa sai ya tsaya ya dafa bango. Mutumin da yake ɗora katifa a ka ya hau bene da ita yana waƙa, yanzu buta ma ni nake ɗaukar masa.

Babanka ya kai shi asibiti, na bi su. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitar wata 'yar siririya ce mai magana ƙasa-ƙasa, ni kuma ka san kunnena, sai da ta matso ta faɗa mini ta dama. Ta ɗaga hoton, ta nuna mini wasu fararen zare-zare a ƙasan huhun, ta ce tabo ne. Ta tambayi sana'arsa. Na ce tun kafin ya aure ni yake bugun auduga yana cusa katifa, in ya dawo gida har girarsa fara ce fat. Ta gyaɗa kai. Ta ce huhun ya yi tauri, kuma inda ya riga ya zama tabo ba ya komawa. Ta ba da magani, wai don ciwon ya rage gudu.

Ya rage gudu! Ina za shi da yake gudu? Ba wanda ya gaya mini. Babanka cewa ya yi, “Inna, ki yi ta addu'a.” Gwaggwanninka kuwa da na shigo ɗaki sai su yi tsit, su kama zancen tsadar sabulu. Ni yarinya ce?

Kai aka ce kana aikin huhu. Shekara da shekaru kana can kana leƙen huhun ɓera, har kakanka ya sa maka Likitan Ɓeraye. To yau ga huhun mutum, kuma na gidanku. Ka gaya mini gaskiya. Fata in ta yanke tana haɗewa. Ƙashi in ya karye yana haɗewa. Me huhu ya yi da shi kaɗai ba zai haɗe ba?

Kada ka ce za ka kira ni. In an kara mini wayar nan sai in ji kamar sauro ya faɗa gwangwani. Ka rubuto, ka ba Direba in ya sauke kaya a wajenku, ya kawo wa Tela ya karanta mini. Tela yana da murya.

Kakanka ya ce a gaya maka bai mutu ba tukuna, kada ka sa rai da matarsa.

Amaryarka

*

Amaryata,

Na sami takardarki, a tsaye na karanta ta a jikin motar Direba. Ina lafiya. Allah ya ba Tsoho sauƙi, ya sassauta miki gwiwa. Ki gaya masa ya riƙe matarsa da kyau, ni ban shirya ɗaukar tsohuwa mai rigima ba.

Tambayar da kika yi, Kaka, ita ce aka ɗauke mu aiki a kanta. Huhu ba buhu ɗaya ba ne. Can ƙarshensa wasu 'yan jakunkuna ne da ido ba ya gani, bangonsu bai kai ɓawon albasa kauri ba, ta nan iska take ratsawa ta shiga jini. A jikin bangon akwai wasu ƙwayoyin halitta da Allah ya ajiye kamar iri. Ki ce musu 'yan gyara. In komai lafiya, suna zaune abinsu. In wani wuri ya ji ciwo, sai maƙwabtansu su aika musu kira, ba da baki ba, da wani ruwa-ruwa da suke fitarwa. Sai su farka, su hayayyafa, su shimfiɗu a inda ya yage su zama sabon bango. Kin ga ke nan huhu ma yana haɗewa, kin yi gaskiya.

Mu a wurin aiki renon su muke yi a 'yan farantan gilashi. In muka bar su lafiya ba abin da za mu gani. Sai mun ji musu ciwo da gangan, wani lokaci mu busa musu hayaƙi, sannan mu zauna da madubin ƙara girman abu muna kallon yadda suke farkawa. Ranar da na fara ganin sun rufe rami da kansu, wallahi kasa cin abinci na yi don murna.

A irin ciwon Tsoho 'yan gyaran sun gaji, aikin ba ya ƙarewa, sai tabo ya cike wurin. Abin da muke nema shi ne yadda za a sa su ƙarasa aikinsu. Ba mu kai ga magani ba tukuna. Ya riƙa shan na likita, kada ya yi fashi.

Da sauran bayani, amma Direba ya tayar da mota yana harara ta. Sai na sami sarari.

Angonki

*

Angona,

Ina gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mace mai kunne biyu ba irina ba. Muna lafiya. Na sa Tela ya maimaita mini takardarka har sai da ya ce maƙogwaronsa ya bushe.

Ashe barci suke yi! Tun da na ji haka hankalina ya ɗan dawo jikina. Ka ce ba ku kai ga magani ba. Na san ka, tun kana ƙarami ba ka cewa ka iya abu sai ka gama shi. Amma ku kuna da lokaci, ni ba ni da shi. Abin da ya tayar da su a faranti me zai hana ya tayar da su a ƙirji? Faranti ya fi kakanka ne?

To na fara. Na ɗauko kaskon nan mai tsagaggen baki, na zuba garwashi. Na yi tunanin me zan ƙona, sai na tuna ragowar audugar shagonsa da ke buhu a bayan ƙofa. Na ce ita suka sani, warinta ne zai fi saurin tashinsu. Na zaunar da shi a kan kujera, na ajiye kaskon tsakanin ƙafafunsa, na ɗauko babban bargo.

Ya ce, “Wannan kuma maganin wa?”

Na ce, “Na Likitan Ɓeraye.”

Ya dube ni, ya dubi kaskon, ya ce, “To, yau na zama ɓera ke nan. Ki ce masa a ƙara mini gyaɗa.” Da hannunsa ya ja bargon ya lulluɓe kansa. Mutumin da sai na yi faɗa yake haɗiye maganin asibiti, amma da ya ji naka ne ko musu bai yi ba.

Muna yi da safe in na gama shara, da kuma la'asar. Tarin ya ƙaru sosai, har hawaye yake yi. Da farko na tsorata, sai na tuna ka ce sai sun ji ciwo suke farkawa. Yaro ma in ka tashe shi daga barci ai da kuka yake tashi.

Ban gaya wa babanka ba. Ka san shi, duk abin da bai zo a kwalba da takarda manne ba, ba magani ba ne a wajensa. In na ji ƙarar babur ɗinsa sai in tura kaskon ƙarƙashin gado in buɗe taga. Kai ma kada ka gaya masa, sai Tsoho ya miƙe mu ba shi mamaki.

Ka rubuto maza ka gaya mini: hayaƙin ya isa haka ko in ƙara? Kuma in sun farka ta yaya zan gane?

Amaryarka

Ni Tela na ce mata a jira amsarka kafin a ci gaba. Ta ce in rubuta abin da aka ce mini ko ta kai ɗinkinta wani wuri.

*

Angona,

Shiru? Kullum sai na aika a duba tasha, a ce Direba bai dawo ba. Wannan wani yaron motarsu zan ba, ya ce zai haɗa ta da shi a hanya. Ina gaishe ka, amma ba zan ce muna lafiya ba.

Auduga ta ƙare. Na duba ko'ina, sai na ga tsohon matashin kujerar nan na soso da ya yage. Na yayyanka shi na zuba a garwashin. Hayaƙinsa baƙi ne, mai kauri, yana kama maƙogwaro, ni da ke waje ma sai da na yi ta tari. Na ce to wannan ya fi ƙarfi, wanda auduga ba ta tayar ba wannan zai tayar da shi. Mun yi kwanaki muna yi da shi.

Ya daina cin abinci sai ruwa-ruwa. Ya daina tsokanata, wannan ne ya fi damuna. Jiya da hantsi na ɗaga bargon na ga leɓɓansa sun yi duhu, farcensa ma haka, yana buɗe baki kamar kifin da aka jefo kan tudu. Ya miƙa hannu zai kama ni sai ya zame daga kujerar. Ihun da na yi ne ya kawo maƙwabta.

Yanzu yana asibiti. Sun sa masa wata roba ta rufe hanci da baki, iska tana shiga tana huci. An maƙala masa wani abu a yatsa mai jan haske, in ya motsa sai na'urar ta yi ta kuka.

Likitar nan siririya ta zo. Ta ce abin ya ba ta mamaki, bai kamata ya faɗi da sauri haka ba. Ta matso kunnena na dama ta ce, “Inna, akwai abin da ya canza a gida? Ya shaƙi wani abu? An ba shi wani magani ban da namu?”

Babanka yana tsaye a kaina. Na ce babu.

Na koma gida na wanke bargon, na kai kaskon bayan tulu na kifa kwando a kai. Ba don kaina ba, Allah ya sani. Na ce in aka ji daga wajenka abin ya fito, za su ce ka fitar da sirrin aikinku tun ba a ba da izini ba, su kore ka, duk karatun nan ya tashi a banza. Kuma babanka ba zai ƙara kallonka ba.

Ka gaya mini, don girman Allah. Wannan farkawar ce, sai an wuce ta nan sannan a sami sauƙi? Ko na tsayar da aikin a tsakiya ne shi ya sa? In haka ne in san yadda zan shigo da kaskon. Ba na barci. Na rasa wanda zan tambaya, duk wanda na kalla sai in ga kamar ya sani.

Kakarka

*

Kaka,

Motar Direba ce ta lalace a hanya, yau takardunki biyu suka zo mini tare. Wannan ba zan jira kowa ba, ta wayar Tela na turo ta. Tela, don Allah duk inda take ka same ta, ka karanta mata da ƙarfi.

Kada ki ƙara kunna kaskon nan. Kada ki kai shi asibiti. Ba farkawa ba ce, hayaƙin ne yake cutar da shi.

Laifina ne, rabin magana na gaya miki ina sauri. Waɗanda ke faranti sau ɗaya muke ji musu ciwo, sannan mu bar su su huta. Da yawa ma mutuwa suke yi, mu zubar mu ɗauko wasu. Tsoho ba shi da wasu. Kuma nasa ba barci suke yi ba, gajiya suka yi. Tun yana saurayi ƙurar auduga take ji musu ciwo, kiran bai taɓa tsayawa ba. Kiran nan kuwa ba 'yan gyara kaɗai yake tasa ba, yana tayar da wasu masu zuba tabo, su kuma ba sa gajiya. Duk sabon ciwo ƙara musu aiki yake yi. Hutu huhunsa yake so.

Ba wanda zai kore ni, Kaka. Ba wani sirri, ɗalibai ma sun san abin da na gaya miki. Ko da za a kore ni, a kore ni.

Baba ya kira ni ya ce gobe da safe za su zura wa Tsoho bututu mai ido a ƙirji su nemo dalili, kuma likita ta ce a yadda yake abin yana da hatsari. Suna nema ne don ba su sani ba. Ke kin sani. In ta ji, wataƙila ta canza shawara, wataƙila ta canza magani. Na kira asibitin, sun ce ba sa zancen majinyaci da muryar da ba su sani ba. Na kamo hanya, amma ba zan iso ba sai an riga an yi.

Ki gaya mata komai, musamman soson nan, da tun yaushe, da yadda kike lulluɓe shi. In kin kasa, ki sa Tela ya sanar da ni, in kira Baba ya faɗa. Amma shi bai ga abin da aka ƙona ba. Ke kika gani.

Don kina son shi kika yi. Ni na san haka, shi ma ya sani.

Jikanki

*

Ɗan nan,

Tela ya same ni a barandar asibiti, ya karanta mini, mutane suna ta waiwayenmu saboda muryarsa. Yanzu a kan gwiwarsa yake rubuta wannan, a bayan takardar awon wani. Ya ce zai ɗauki hotonta ya turo maka. Gaisuwa ka yafe mini ita yau.

Da ya kai wurin da ka ce hutu huhunsa yake so, sai na zauna a ƙasa. Mutum ya yi shekara da shekaru yana shaƙar auduga don mu ci, ya samu ya huta, ni kuma na bi shi da ita har ƙarƙashin bargo. Da hannuna nake danne gefen bargon don kada hayaƙin ya fita. Ina jin shi yana tari a ciki, ina cewa daure, daure, sun kusa tashi.

Na shiga na gan shi ɗazu. Idonsa biyu. Ya yafito ni, ya ɗan janye robar daga bakinsa, na kai kunnena. Ka san me ya ce? Ya ce, “Kin kawo kaskon?” Na ce a'a. Ya ce, “Kada ki gaya musu. Za su yi wa yaron hassada.” Sai na'urar ta fara kuka, nas ta zo ta mayar masa da robar tana yi mini faɗa. Ya kashe mini ido ɗaya, wai mu biyu muna da sirri.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa tsayawa gaban mai farar riga na ce na yi ƙarya ba. Na tambayi Tela ko ɗaure ni za a yi, ya ce bai taɓa jin an ɗaure tsohuwa a kan matashin kujera ba. Na ce ko za ta daka mini tsawa a gaban mutane. Ya ce, “Inna, matar da ba a jin muryarta sai an matso?” Shi wasa ya ɗauke shi. In na faɗa kuma ta ce an makara fa? In ta ce da jiya kika faɗa?

Amma na ga ɗakin da za su kai shi gobe. Na ga wani da aka fito da shi daga ciki a kan gado mai taya, matarsa tana bin sa da takalmansa a hannu. Ba zan bi Tsoho da takalma ba alhali maganar tana cikin bakina.

Kada ka kira babanka. Ba ɓoye masa zan yi ba, zai ji, kuma daga bakina. In ya ji yanzu ihu zai yi ta yi a baranda har likitar ta wuce ba a gaya mata komai ba. Ya jira. Gwaggwanninka su ne na ƙarshe, su da suka iya shiru in na shigo, su ɗanɗana. Kakanka kuwa sai numfashinsa ya dawo, in Allah ya dawo da shi, kuma sai kana nan. Kai za ka riƙe masa hannu, ni in yi bayani, don in ya ji ba maganinka ba ne zai fi jin ciwon wannan a kan na ƙirjin.

Na aika maƙwabciyata ta ɗauko ragowar soson daga bayan tulu, ga shi a ƙulle a bakin zanena. Ban san sunansa na asibiti ba, gara likitar ta gani da idonta.

Ga ta can ta shigo, tana bin gadaje ɗaya bayan ɗaya. Saura kaɗan ta iso nasa. Tela, tsaya haka nan, ka tura masa, ka zo ka kama ni in tashi. Ka tsaya kusa da ni, in muryata ta maƙale ka ce mini soso, zan ci gaba.

Ita za a fara gaya wa, ɗan nan. Likitar nan siririya, kafin kowa.